Kamun ahven a ƙarƙashin ƙanƙara: wane kifin bogi za a saya, wanne za a ƙera a gida?

A Finland, da zarar tafki ya daskare, kowa yana da 'yancin huda ƙanƙara ya zura fatsa ɗaya ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba. Dokar ƙasar ta sa irin wannan su cikin haƙƙin kowa da kowa, ɗan ƙasa da baƙo, in ban da wuraren da aka keɓe, kamar gangaren kogunan da kifi mai ƙaura ke bi. Saboda haka wanda karatu ko aiki ya kai shi biranen Oulu, Joensuu ko Jyväskylä, ba takarda ce za ta tsaya masa a gaba ba. Abin da zai ruɗa shi bangon kantin kayan su ne, inda aka jera kifayen bogi, wato abubuwan da ake yaudarar kifi da su ya cafki ƙugiya, ɗaruruwa, kowanne da launinsa da kuɗinsa.

Kifin da ake nema shi ne wanda Ingilishi ke kira perch, 'yan Finland ke kira ahven, 'yan Rasha kuma okun. Ba dangin giwan ruwa ba ne. A siffa ya fi kusa da karfasa: ƙaya a gadon baya, zane-zanen baƙi a gefe, jajayen fikafikai a ciki. Yawancin waɗanda ake cirowa daga rami ba su wuce giram 50 zuwa 200 ba, mai rabin kilo kuwa abin nunawa ne. Halayensa uku ne ke yanke hukunci a kan zaɓin kaya. Da ido yake farauta, don haka da dare ba ya ci. A garke yake yawo, in ka samu ɗaya akwai 'yan'uwansa a ƙasa. Sannan a ruwan da bai wuce digiri 4 ba jikinsa a mace yake, ba ya bin abu da gudu mai nisa, ya fi kai hari a lokacin da kifin bogin ya gama faɗuwa ya tsaya. Duk gardamar da ake yi a kan launi ba ta kai muhimmancin wannan ba: yadda abin ke faɗuwa, da saurin da yake komawa wurin garken.

Iri uku ne ke gasa: miƙaƙƙen pilki, balans mai kwanciya, da mormishka.

Miƙaƙƙen pilki

Wannan siririn ƙarfe ne mai siffar ganyen dogonyaro, ana ɗaura zare a samansa, ƙugiya a ƙasansa. Na ahven tsawonsa milimita 40 zuwa 70 ne. Ana sauke shi har ya taɓa ƙasa, a ɗaga shi kamar taƙi ɗaya, sannan a fizga sama santimita 20 zuwa 40 da wuyan hannu, a sake shi ya faɗo da kansa. Yana faɗowa yana walƙiya yana karkacewa gefe, ya dawo ƙarƙashin ramin ya tsaya. A ba shi daƙiƙa 2 zuwa 5 kafin a sake fizgawa. Kuskuren sabon shiga shi ne ya yi ta fizga babu hutu, ya hana kifin damar da yake jira.

Ƙarfinsa sauri ne. Pilki mai giram 8 yana kaiwa mita 6 kafin garken ya watse, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ahven na tsayawa ne muddin akwai abin da ke motsi a gabansa. In ka ɓata minti guda kana fama da ƙugiya, sai ka tarar da ramin ya yi tsit. Shi ya sa masu gasa ke son wanda aka liƙa wa ƙugiya ɗaya a jiki, aka kuma danne ƙayarta: kifi na taɓa ƙanƙara yake suɓucewa da kansa, ba sai an cire safar hannu ba. Ɗaya salon, wanda 'yan Finland suka fi so, shi ne a rataya 'yar ƙugiya mai launi a siririyar sarƙa ko guntun zare a ƙasan pilkin, a sa mata tsutsa. A nan ƙarfen kira kawai yake yi, ƙugiyar ce ke kamu. Sai dai sarƙar kada ta kai tsawon pilkin kansa, in ta kai za ta riƙa tsallakawa sama tana sarƙe zaren a kowace fizga.

Wannan ne irin da ya fi cancanta a ƙera a gida, kuma na gida yakan fi na kanti, saboda mai shi yana iya gyara shi da magagari har ya faɗi yadda yake so. Ana bukatar fallen tagulla ko jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.5 zuwa 0.8, dalmar liƙi irin ta masu gyaran rediyo, ƙarfen narka ta mai wat 60 zuwa sama, man liƙi, waya mai kaurin milimita 0.5, da ƙugiya mai dogon wuya lamba 8 ko 10. A yanka fallen tsawon milimita 50, faɗin 8 a inda ya fi faɗi, wajen kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa. A ɗora shi a kan katako mai kwarmi, a danna da sandar ƙarfe mai santsi har ya ɗan lotsa kamar kwalekwale. A goge cikin da samfefa, a shafa man liƙi, a fara shimfiɗa dalma siririya ta kama ko'ina. Bayan nan ne za a kwantar da zoben waya a sama, wuyan ƙugiya a ƙasa, a cika kwarmin da dalma. In ya huce a daidaita bayan da magagari, a goge fuskar har ta yi ƙyalli. Zai fito giram 6 ko kusa da haka.

Inda ake samun matsala wuri huɗu ne. Ƙugiyar da aka bari ta yi zafi har ta koma shuɗi ta rasa taurinta, babban kifi na farko zai miƙar da ita. Maganin shi ne a riƙe lanƙwasarta da filaya lokacin liƙi, filayar ta shanye zafin. Ƙugiyoyi masu baƙin rufi ba sa karɓar dalma sai an kankare wuyan har ƙarfen ya bayyana, in ba haka ba dalmar za ta lulluɓe shi ne kawai, ƙugiyar ta riƙa juyawa a ciki. Man liƙi mai asid kuma in ba a wanke shi da ruwan sabulu da ɗan bekin soda ba, cikin mako guda tsatsa za ta cinye ƙugiyar daidai inda ta shiga jiki, wurin da ido ba ya gani. Na huɗu shi ne rabon nauyi. In dalmar ta taru a ƙasa, pilkin zai faɗi tsaye kamar ƙusa, babu walƙiya. In ta yi kaɗan kuma fallen ya yi faɗi, zai yi ta lilo ya kasa kaiwa ƙasa da wuri. Tudun dalmar ya kasance daidai inda fallen ya fi faɗi, kaurinsa milimita 3, ya sirance zuwa sama. Bokiti ba ya isa gwaji; a gwada a bakin rami a ruwa mai haske, a kwanta a leƙa, a ga ko yana kaucewa gefe kamar taƙi ɗaya ko biyu kafin ya dawo.

Batun launi gajere ne. Tafkunan Finland da yawa ruwansu ja-ja ne kamar shayi saboda fadamun da ke zuba a cikinsu, a nan jan ƙarfe da tagulla sun fi fitowa. A ruwa garau, fari mai kama da azurfa. Pilkin gida yana ba da duka biyu a jiki ɗaya, fuska ja, baya farin dalma.

Balans

Balans kifin bogi ne na dalma da ke rataye a kwance, zoben zare a gadon bayansa, ƙugiya ɗaya a hanci, ɗaya a wutsiya, mai baki uku a ciki, da fiffiken roba a bayansa. Wanda ya fi shahara shi ne Jigging Rap na kamfanin Rapala. Kamfanonin Nils Master da Kuusamo ma suna yin nasu. In an fizga shi sama santimita 30 zuwa 50, fiffiken nan yana tura shi gefe, ya yi nisa da ramin, ya juyo ya yi ta kai da kawo yana rage zango har ya tsaya. Hutunsa ya fi na pilki tsawo, daƙiƙa 5 har 10 a tsakiyar hunturu.

Abin da ya fi sauran da shi faɗin wurin da yake sharewa ne. Rami ɗaya da balans yana binciken abin da pilki zai bukaci ramuka biyu ko uku. Kuma yana zaɓen manya, domin ahven da ya haura giram 200 ya riga ya koma cin ƙananan kifaye, har da 'ya'yan jinsinsa. Mai santimita 5, wanda nauyinsa giram 9 ne a jerin Rapala, shi ne na kullum. Mai santimita 7 da giram 18 na zurfi ne ko inda ake sa ran manya. Mai santimita 3 na ranar da kifi ke shinshinawa ba ya kamawa. Zare milimita 0.20 zuwa 0.25. Kada a ɗaure zoben tam da ƙulli. A sa ɗan maƙalli ƙarami ko ƙulli mai madauki, in ba haka ba zaren zai riƙe shi a karkace ya kashe rawar.

Aibinsa ma a fili yake. Ƙugiyoyi biyar a jiki ɗaya, a wurin da akwai itace ko ciyawa a ƙasa, asara ce kawai, kuma ahven yana son irin waɗannan wurare. Ƙugiyar hanci tana kama gefen ƙanƙara daidai lokacin da ake shigar da babban kifi cikin ramin, shi ya sa wasu ke gutsire ta da filaya tun a gida, tunda yawancin kamu a ta ciki ake yi. Fiffiken roba kuma a sanyi mai tsanani yana tsagewa in an jefar da kifin a kan ƙanƙara da balans ɗin a bakinsa. Balans marar fiffike guntun dalma ne.

Ƙera shi a gida ba ya biyan wahalarsa. Sai an sassaƙa mazubi mai ɓari biyu, an narka dalma a digiri 327, an saita ƙugiyoyi biyu da zobe a ciki kafin zubi, sannan a liƙa fiffike mai kusurwa daidai ta kowane gefe. Zoben ya kauce da milimita ɗaya, abin zai rataye hanci ƙasa. Fiffiken ya karkace kaɗan, zai yi ta zagaye gefe guda yana murɗa zare. Ga haɗarin ɗigon ruwa a mazubi, wanda ke sa narkakkiyar dalma ta yi tsalle zuwa fuska. A sayi biyu ko uku masu kyau a huta. Masu arha da ba su da suna, sau da yawa fiffikensu ne ke fara fita.

Mormishka

Daga Rasha ta fito, an sa mata sunan wani ɗan ƙwaron ruwa da ahven ke ci. Ɗigon ƙarfe ne mai faɗin milimita 2 zuwa 5 da 'yar ƙugiya a jiki. Ba a fizgarta. A bakin gajeren sandan akwai harshe, siririn falle na roba ko ƙarfe mai lanƙwasa, wanda zaren ke bi ta cikinsa. Mai su yana karkaɗa hannu a hankali, harshen yana rawa sau 200 zuwa 300 a minti, yana ɗaga ta daga ƙasa sannu-sannu har rabin mita, ya tsaya, ya sake saukarwa. Kamu ba a hannu ake jin sa ba, a harshen ake gani: ko ya duƙa, ko ya miƙe saboda kifi ya ɗauke nauyin. Harshen da ya dace shi ne wanda nauyin mormishkar ke lanƙwasa shi kamar kusurwa 30 zuwa 45. Mai tauri ba ya nuna komai, mai laushi kuma ba ya iya rawa da sauri.

Daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da dusar ƙanƙara ta toshe haske, iskar da ke cikin ruwan ƙananan tafkuna ta ragu, ahven yakan kwanta a ƙasa ya ƙi kula pilki da balans. A wannan lokacin mormishka da jan tsutsar laka guda biyu a ƙugiya ita ce ke fitar da mutum kunya. Farashin haka shi ne ƙanana za su fi yawa, kuma zaren siriri ne ƙwarai, milimita 0.08 zuwa 0.12, wanda iska ke wasa da shi a kan ƙanƙara, yana maƙalewa a kowane tsini. A digiri 20 ƙasa da sifili, sa tsutsa a ƙugiya lamba 16 da yatsu tsirara azaba ce, tsutsar ma sai an ɓoye ta a aljihun ciki kada ta daskare. Akwai masu yin ta babu tsutsa sam, da ɗan dutsen ado a ƙugiya, amma wannan sai hannu ya ƙware, rawar ta ɓaci sau ɗaya kifin ya juya.

A nan ne tambayar saye ko ƙerawa ta koma lissafi. Dalmar liƙi nauyinta giram 8.5 ne a kowane santimita kubik, dalma zalla 11.3, tungstin zalla 19.3, wanda ake yin mormishka da shi kuma ya ɗan gaza haka. Ɗigo mai faɗin milimita 3 zai ba da giram 0.12 in na dalmar liƙi ne, 0.16 in dalma ce zalla, wajen 0.25 in tungstin ne. Wato a girma ɗaya, ta tungstin ta ninka ta gida. A mita 2 wannan bambanci ba ya cutarwa, har ma saukar ta gida a hankali tana jan kifin da ya ƙi ci. A mita 6 kuwa, mai giram 0.12 ba ta iya miƙar da zaren, rawar harshen ba ta isa gare ta, kamun ma ba ya dawowa sama. Tungstin kuma ba ya narkewa sai a digiri 3,422, babu mai zuba shi a gida. Don haka iyakar ta gida mita 3 ne, ko 4 in babu igiyar ruwa. Abin da ya wuce nan a sayi tungstin.

Yin ta ba wuya. A naɗa siririyar wayar jan ƙarfe sau biyar ko shida a wuyan ƙugiya lamba 14 zuwa 18, bayan an gutsire idonta. A samu fallen jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.2, a dosa masa ƙwallon boris mai milimita 3 ko 4 a kan katako, a buga ya yi ɗan ƙoƙo, a yanke shi, a huda tsakiya. A riƙa allura a kan harshen kyandir har ta yi baƙi da hayaƙi, a soka ta a hujin. Dalma ba ta kama hayaƙi, don haka in an cika ƙoƙon an zare allurar, hanyar zare ta samu. Abin da ke kashe mormishkar gida shi ne bakin wannan huji. Yana da kaifin da ido ba ya gani, yana yanke zaren milimita 0.10 a kamun farko, mutum ya ɗauka kifi ne ya tsinke. A zura guntun rigar roba ta siririyar wayar lantarki a cikin hujin, a yanke ta daidai jiki. In an ɗaura, ƙugiyar ta rataye a kwance ko ta ɗan ɗaga sama. In ta sunkuya, kifi zai taɓa ba zai kamu ba.

Aikin dalma a yi shi inda iska ke shiga, ba a kicin ba, a wanke hannu kafin cin abinci, kuma kada a danne ta da haƙori. Denmark ta hana sayar da kayan su masu dalma tun 2002, Ingila ta hana ƙananan dalmomin fatsa a 1987 saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye su. Dalmar liƙi marar guba, wadda kusan duka kuza ce, tana narkewa a wajen digiri 227 kuma tana aiki sarai a pilki, sai dai ta fi sauƙi, giram 7.3, don haka a ƙara kaurin tudun.

To, wanne?

Wanda zai fita da abu ɗaya tak, ya ɗauki miƙaƙƙen pilki mai ƙugiyar rataye da tsutsa. Yana aiki daga mita 2 zuwa 10, yana kama manya da ƙanana, kuma yana yafe hannun da bai ƙware ba. Wanda manya kawai yake so, kuma ya yarda ya yi tafiya, balans ne nasa, musamman a farkon ƙanƙara da kuma Maris zuwa Afrilu, lokacin da rana ta yi tsawo, ahven na matsowa bakin gaɓa yana shirin zuba ƙwai bayan narkewar ƙanƙara. Mormishka ta mai haƙuri ce da ta tsakiyar hunturu. Masu yin abin da gaske sanduna biyu suke riƙewa: su buɗe rami da balans ko pilki, in kifi ya taɓa bai kama ba, nan take su zura mormishka a ramin.

Sai dai duk wannan ba ya maye gurbin mahudi, abin da ake huda ƙanƙara da shi. Garken da ba ya ƙarƙashinka ba zai ga ko da kifin bogin zinare ba. A huda ramuka jere, tazarar mita 5 zuwa 10, daga bakin gaɓa zuwa inda ƙasa ta gangara, a ba kowanne minti 3 zuwa 5. Mahudi mai milimita 110 ya ishi ahven. Mai 150 yana cire ƙanƙara kusan ninki biyu a kowane rami, kafin na ashirin kafaɗa ta mutu. A ruwan da bai kai mita 2 ba, kada a kwashe dusar ramin duka, hasken da ke zubowa yana korar kifi. Zaren saƙa yana shan ruwa ya daskare, a tsaya a na roba. Kifin da aka ciro daga zurfin da ya wuce mita 10 jakar iskarsa tana kumbura, ko an mayar da shi da wuya ya rayu, saboda haka wanda ba ya son ƙanana kada ya zauna a kansu a can.

Ƙanƙarar kanta a auna ta: santimita 10 na garau mai tauri kafin a taka, fara mai haɗe da dusar ƙanƙara kuwa rabin ƙarfin waccan gare ta. A nisanci bakin kogi, mashigi tsakanin tsibirai da gindin gada, a rataya tsinkunan ceto biyu, waɗanda ake kafawa a ƙanƙara a jawo jiki waje in an faɗa ruwa, a wuya, a waje da riga.

Akwai kuma wanda 'yan Finland ke kira hauki, wani dogon kifi mai haƙora da ke bin garken ahven. Yana yanke zaren roba kamar reza. Sa guntun waya a gaban kifin bogin yana hana shi, amma yana taurara rawar, ahven ya rage kamawa. Inda hauki ya yi yawa, kamar gefen ciyayi a ruwa marar zurfi, a mayar da balans ɗin kanti cikin akwati, a zura pilkin gida wanda ake da irinsa biyar a aljihu.